Jita Ta Riga Kalangu Shiga Coci: Tarihin Kiɗan Matasan Kirista a Salaga, Yandi da Bawku

A shekarun 1930 baƙi biyu suka sauka a Yandi, fadar Ya Na, sarkin Dagwamba. Na farko ya gangaro ne daga arewa: wani Ba'amurke mai suna Lloyd Shirer da matarsa Margaret, 'yan mishan na Assemblies of God, waɗanda suka tsallako daga ƙasar Mosi a 1931 suka kafa majami'arsu ta farko a ƙasar da ake kira Gana a yau. Na biyu ya hauro ne daga kudu, kuma kiɗa ne. Sunansa simpa, sunan da mutanen bakin teku ke kiran garin Winneba da shi. Samarin Dagwamba sun ji salon hailaif a faifan garmaho da bakin matafiya, suka gauraya shi da nasu, suka riƙa buga shi da ganguna masu fuska ɗaya irin bandiri, 'yan mata na waƙa, dandali na cika.

Baƙin nan biyu sun zauna gari ɗaya shekara da shekaru ba su gaisa ba. A coci ana rera waƙoƙin da aka fassaro daga littattafan Turawa, kowa a tsaye ƙiƙam. A dandali samari na kiɗa har tsakar dare. Sai da aka yi kusan rabin ƙarni kafin matasan coci su ɗauki kayan kiɗa su tsaya gaban jama'a ranar Lahadi. Abin mamaki kuma, kayan da suka fara samun izinin shiga su ne na nesa, wato jita da kibod da jerin gangunan Turawa. Gangar gida, wadda ake jin sautinta daga ƙofar coci, ita ce ta zo daga ƙarshe.

Garuruwan fatake

Bahaushe ya san waɗannan garuruwa uku tun kafin Bature ya san su. Salaga ita ce ƙarshen hanyar Gwanja, inda ayarin Kano da Katsina ke sauke kanwa da tufafi da fatu su ɗauki goron Asante, kuma ta kasance babbar kasuwar bayi a ƙarni na 19. Yandi zango ce a kan wannan hanya. Bawku kuwa, can kusurwar arewa maso gabas kusa da iyakar Togo da Burkina Faso, kasuwa ce ta shanu da albasa da gero inda har gobe Hausa ke haɗa ciniki tsakanin Kusasi da Mamprusi da Bisa da Mosi. A Salaga ne Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa yana rubuta waƙoƙi, har yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin ya koma Kete Krachi. Saboda haka a kunnen mutanen yankin, Hausa harshen zango ne, na kasuwa da masallaci da allo.

Kiristanci ya shigo wannan ƙasa a makare, kuma da sanɗa. A 1877 wani fasto ɗan Akuapem mai suna Theophilus Opoku, na mishan ɗin Basel, ya yi tattaki har Salaga, ya ga kasuwarta, ya koma kudu ya ba da labari. Mishan ɗin bai kafa tasha a arewa ba sai 1913, a Yandi, wadda a lokacin take hannun Jamusawa. Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, Ingilishi suka karɓe garin, a 1916 aka kwashe 'yan mishan ɗin, aikin ya mutu tun yana jariri. Su kuma Ingilishi ba su cika son 'yan mishan su kusanci masarautun da Musulunci ya yi ƙarfi a fadarsu ba, kamar dai yadda suka yi a Arewacin Najeriya. Limaman Katolika da ake kira Fararen Fada sun samu wurin zama a Navrongo a 1906, nesa da manyan fadoji.

Da zuwan Shirer a 1931 ne aikin ya kama ƙasa. Daga Yandi Assemblies of God ta yaɗu zuwa Tamale da Walewale, ta isa Bawku a 1937. Cocin Presbyterian, wanda mutanen Gana ke gajarce wa suna Presby, shi ne magajin mishan ɗin Basel, ya kuma dawo arewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya zauna a Salaga, inda Otto Rytz ɗan ƙasar Suwizalan ya duƙufa kan harshen Gwanja, sannan a tsakiyar shekarun 1950 ya karɓi ragamar asibitin Bawku daga gwamnati.

Su wa suka cika bencinan waɗannan majami'u? Galibi kashi biyu ne. Akwai ma'aikata daga kudu, malaman makaranta da 'yan sanda da ma'aikatan jinya da akawuna, masu jin Twi ko Ewe ko Ga. Akwai kuma mutanen ƙauyukan kewaye, Konkomba da Kusasi da Bimoba da Nawuri da Nchumuru, tare da 'yan makarantar kwana. Cikin ƙwaryar Yandi da Salaga Kirista tsiraru ne, har yanzu ma haka abin yake, ko da yake ƙidayar 2021 ta nuna kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana baki ɗaya Kirista ne. Wannan cakuɗa ta harsuna ita ce ta tsara irin waƙar da aka yi a cocin tun daga farko.

Waƙa ba ganga

Mishan ɗin Basel ya zo da ra'ayi mai tsauri kan ganga. A unguwannin Kirista da ya kafa a kudu an hana kiɗa da rawar gargajiya, domin a ganinsu ganga ta gunki ce. Abin da aka yarda da shi shi ne waƙar littafi mai murya huɗu, da ogan mai famfon ƙafa in akwai. A farkon shekarun 1930 malamin kiɗa Ephraim Amu ya rasa aikinsa a kwalejin horon malamai ta Akropong, saboda ya hau mumbari da tufafin gargajiya kuma ya dage kan koya wa ɗalibai kiɗan gida. Idan haka ta faru da masani a cibiyar cocin, ba sai an faɗi abin da zai samu yaron ƙauye da ya shigo da kalangu ba.

Amma a arewa ba Bature kaɗai ya tare wa ganga ƙofa ba. A ƙasar Dagwamba, lunga, wato kalangunsu, tana da masu ita. Makaɗan da ake kira lunsi gado suke yi, suna danganta asalinsu da Bizung ɗan Na Nyagsi, shugabansu kuma shi ne Namo Na a Yandi. Su ne ke riƙe da tarihin sarauta, su san kirarin kowane gida, su kwana suna jero sunayen sarakunan da suka gabata a ƙofar fada. Masu goge ma haka, suna da nasu shugaba, Yamba Na. Yaron da ba ɗan gidan kiɗa ba ne ba ya ɗaukar lunga don kawai tana burge shi. Kowane take kuma yana da ma'anarsa: wani na sarki kaza ne, wani na mahauta, wani na jana'iza, wani na bikin Damba. A ƙasar Kusasi da Konkomba ma kiɗa na manne da makoki da tsafin ƙasa da bikin girbi.

Don haka sabon Kirista, wanda sau da yawa ya sha faɗa da danginsa kafin ya bar hadayar gidansu, shi da kansa ba ya son jin wannan sauti a wurin ibada. Dattawan coci na farko sun fi 'yan mishan zafi a kan wannan. Jita kuwa ba ta da kaka a garin, ba ta yi wa kowane sarki kirari ba, ba ta raka kowace gawa ba. Rashin asalinta ne ya zame mata takardar shiga.

Katolika ne suka fara karya wannan shinge, can arewa maso yamma. Peter Dery, wanda ya zama bishop na Wa a 1960, ya nemi izini daga Roma ya shigar da harshen Dagaare da kiɗan gyil, kayan kiɗan katako mai goruna a ƙarƙashi, cikin ibadar coci. Babban taron Vatican na 1962 zuwa 1965 ya ƙara buɗe wannan hanya ga Katolika a ko'ina. Da aka mayar da Dery Tamale a 1974, ya zo da wannan fahimta zuwa yankin da a lokacin ya haɗa da Yandi da Salaga.

Matasa sun samu inuwa

Kafin a samu ƙungiyar kiɗa, sai da aka samu ƙungiyar matasa. Presby ta kafa Young People's Guild a 1938, wadda kowa ke kira YPG. Assemblies of God ta zo da Christ's Ambassadors, ƙungiyar matasanta da ta faro a Amurka a 1925. Akwai Boys' Brigade mai fareti da begila da gangar badujala, inda yara da dama suka fara riƙe sandar kiɗa. A makarantun sakandare na kwana kuwa Scripture Union ce ke tara ɗalibai da yamma don karatun Littafi Mai Tsarki da waƙa. Waɗannan ƙungiyoyi suna da abin da babban taron Lahadi ba shi da shi: dattawa ba sa zama a ciki. A nan ake tafi, a nan ake kaɗa caki, a nan wanda ya ari jita daga malamin makaranta ke gwada hannunsa.

Cocin Fentikos, wanda ya samo asali daga aikin James McKeown ɗan Ailan da ya zo ƙasar a 1937, ya biyo ma'aikatan kudu zuwa arewa da gajerun waƙoƙin Twi masu amshi, da tafi da rawa da kaɗa hankici. Ba a buƙatar littafi, ba a buƙatar iya karatu. Matasan sauran majami'u suka riƙa leƙawa ta taga, suna komawa nasu taron da abin da suka ji.

A daidai wannan lokaci duniya ma tana juyawa. A ƙarshen shekarun 1960 matasan Kalifoniya masu dogon gashi suka shiga cocin Calvary Chapel da jitocinsu, ƙungiyar Love Song ta fito daga cikinsu, aka kafa kamfanin Maranatha! Music a 1971 don buga waƙoƙinsu. Shekara guda bayan haka, a 1972, ɗaliban sakandare a Cape Coast suka haɗu suka kafa ƙungiyar da aka sani da Joyful Way. Ita ce ta nuna wa matasan Gana cewa ana iya yin bishara da jitar lantarki da jerin ganguna, a yi ta da Turanci da harsunan gida, a zaga makarantu da ita. Ɗaliban arewa da suka yi karatu a kudu, da malamai 'yan kudu da aka turo makarantun Tamale da Yandi da Bawku, su ne suka zama gadar da wannan salo ya bi.

Dokar hana fita ta cika coci da makaɗa

Abin da ya hanzarta al'amarin ba daga coci ya fito ba. A ranar 31 ga Disamba 1981 Jerry Rawlings ya sake kifar da gwamnati, aka sa dokar hana fitar dare wadda ta wuce shekara biyu. Gidajen rawa suka mutu. An kuma ɗora haraji mai nauyi kan kayan kiɗan da ake shigowa da su, amma majami'u ba sa biya, kasancewarsu ƙungiyoyin addini. Masanin kiɗan Gana John Collins ya yi bayanin sakamakon: makaɗan hailaif wasu suka fice zuwa Najeriya da Jamus da Ingila, waɗanda suka rage da yawa suka koma coci, inda akwai kayan aiki, akwai masu sauraro da rana tsaka. Hailaif ya sa rigar coci, aka samu salon da ya mamaye kasuwar kaset ta Gana, da sunaye irin su Tagoe Sisters da Daughters of Glorious Jesus.

Shekarar 1983 ta ƙara wa wutar itace. Ga fari da gobarar daji da yunwa, ga kuma Najeriya ta kori baƙi, 'yan Gana wajen miliyan guda suka dawo gida. Da yawa sun dawo da ɗabi'un majami'un Legas da Benin da Kaduna. Sababbin majami'u masu zafin wa'azi suka tsiro a Akara da Kumasi, sannan a ƙarshen shekarun 1980 Eastwood Anaba ya kafa aikinsa a Bolgatanga, wanda ya zama Fountain Gate Chapel. Wannan ya nuna cewa irin wannan coci zai iya tsayuwa a arewa ƙarƙashin ɗan arewa. Tsofaffin majami'u suka ga 'ya'yansu na zarewa ɗaya bayan ɗaya zuwa inda kiɗa yake. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya: dattawan da suka ƙi jita jiya, su ne suka zauna suka tsara yadda za a tara kuɗin sayen ta.

Saura abu guda, wato wuta. An gama madatsar Akosombo tun 1965, amma layinta bai kai arewa ba sai wajen ƙarshen shekarun 1980, daga nan ya riƙa rarrafawa zuwa sauran garuruwa. Kafin nan sai janareto ko batirin mota. Da wuta ta zauna, ƙananan kibod na Casio da Yamaha suka yi araha, lasifika da makirufo suka shiga kasafin kowace majami'a. Kaset ɗin kamfanin Integrity na Amurka, masu muryoyin Don Moen da Ron Kenoly, suka zama makarantar da ba malami: a kunna, a tsayar, a mayar baya, har yatsa ya gano inda sautin yake. Daga tsakiyar shekarun 1990 gidajen rediyon FM suka yawaita, shirye-shiryen waƙoƙin bishara na safiyar Lahadi suka kai salon har ƙauyen da ba kibod.

A ƙasashen waje ma daga ɗakin matasa manyan ƙungiyoyin suka fito. Delirious? ta fara ne a 1992 a matsayin makaɗan wani taron matasa a garin Littlehampton na Ingila. Hillsong United ta tsiro a 1998 daga sashen matasa na cocin Hillsong a Sidni ta Ostireliya. Waƙoƙinsu sun iso arewacin Gana a faifan CD, daga baya a katin waya. Tsarin da suka yaɗa shi ne wanda ake gani yanzu: a fara da waƙoƙin yabo masu sauri, a gangaro zuwa na sujada masu sanyi, a jera su ba yankewa, jagora na magana a tsakani kibod na bin sa a hankali.

Iskar gabas

Akwai wata hanya ta uku da waƙa ta biyo, ita ce tsohuwar hanyar fatake. A Arewacin Najeriya Hausa ta daɗe da zama harshen coci. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya jagoranta. Majami'un da suka fito daga mishan ɗin SIM da SUM, wato ECWA da COCIN da 'yan uwansu, sun haɗa ƙabilu barkatai na Filato da Kudancin Kaduna da Bauci da Adamawa da wannan harshe. Zumuntar Mata ta ƙirƙiro salonta na tulu da caki da kuge. Ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda ta taso a farkon shekarun 1960, ta baza mawaƙa ƙauye-ƙauye. Gidan rediyon ELWA na Monrobiya, wanda ya fara aiki a 1954, da Muryar Bishara mai ɗakin shirye-shirye a Jos, sun watsa wa'azi da waƙa da Hausa a gajeren zango zuwa duk Afirka ta Yamma. Daga baya Panam Percy Paul ya fito daga Jos da salon zamani, sannan Jeremiah Gyang da Solomon Lange suka sa waƙar bishara ta Hausa ta zama abin da matasa ke sakawa a waya.

Ga matashin Bawku ko na Salaga, waɗannan waƙoƙi ba sa buƙatar tafinta. Harshen da yake ciniki da shi ne, wanda yake gaisa da maƙwabcinsa da shi. Kuma a majami'ar da Bakusashe ke zaune kusa da Bamamprushe, ko Bakonkombe kusa da Bagwanje, zaɓen harshen waƙa ba ƙaramin abu ba ne. In an yi da harshen wannan, wancan zai ji an ware shi. Turanci na 'yan boko ne, Twi na mutanen kudu. Hausa kuwa kowa ya taɓa ta a kasuwa, kuma ba ta cikin masu jayayya kan sarauta ko ƙasa. Harshen da kakanni suka sani da allo da tawada, sai ga shi jikoki na amshi da shi a gaban kibod.

Gangar gida ta samu kujera

Abin da ya buɗe wa gangar gida ƙofa shi ne fassara. Cibiyar fassara ta GILLBT da ke Tamale, wadda aikinta ya faro a 1962, ta fitar da Sabon Alkawari da harsunan Kusasi da Konkomba a shekarun 1970, wasu harsunan suka biyo baya. Da mutane suka ji nassi da harshen uwa, sai matsalar waƙar littafi ta fito fili. Harsunan nan masu karin sauti ne kamar Hausa. In aka ɗora kalmominsu kan karin waƙar Turawa, murya na hawa inda ya kamata ta sauka, ma'ana ta karkace. Mafita ita ce a ƙirƙiri waƙa daga cikin harshen, waƙar da aka ƙirƙira haka kuwa da kanta take kiran gangar da ta saba da ita.

Masana kiɗa masu aiki da cibiyar, irin su Paul Neeley, sun shirya tarurrukan ƙirƙirar waƙa inda ake zaunar da mawaƙan ƙauye da dattawan coci, a tantance take ɗaya bayan ɗaya: wanne ne na nishaɗi da kowa ke iya rawarsa, wanne ne na tsafi da za a bari, wanne ne na yabon sarki da za a iya juya shi ga Sarkin sarakuna. Sau da yawa mata ne ke fito da waƙar, domin su ne ma'abota waƙar daka da ta biki. Matasa kuma su ɗauka su nemo mata gurbi a kibod, su sa bes ya bi sawun babbar ganga.

Inda wannan haɗi ya fi fitowa duniya shi ne ƙasar Frafra, maƙwabciyar Bawku ta yamma. Alogte Oho na Bolgatanga da ƙungiyarsa Sounds of Joy sun fitar da faifai a 2019 ta hannun kamfanin Philophon na Balin, suka zaga dandamalin Turai da waƙar coci mai karin arewa tsantsa, 'yan amshi mata na biye. Mai sauraro a Jamus ba ya jin ko kalma, amma abin da ke jan sa shi ne ainihin sautin da aka taɓa hana shi shiga coci.

Kiɗa a ƙarƙashin doka

Ƙungiyar kiɗan matasa a waɗannan garuruwa ba ta da albashi. Kayan na coci ne, an saye su da kuɗin bikin godiyar kaka, ko gudummawar wani ɗan gari da ke aiki a Akara. Ana gwaji ranar Asabar da yamma. Ba a karanta rubutun kiɗa, da kunne ake koyo da do-re-mi, ƙarami ya zauna kusa da babba yana kallon yatsunsa har ranar da babban zai makara a ce masa ya riƙe. Kuma babban dole zai tafi, ko jami'a a Tamale, ko kwalejin malamai, ko neman kuɗi a Kumasi. Kowace shekara huɗu ko biyar fuskokin sun sauya, kayan ne kawai ke nan. Shi ya sa tarihin waɗannan ƙungiyoyi tarihin rukuni-rukuni ne, wannan ya koya wa wancan ya wuce.

Sun kuma yi wannan aiki a ƙasar da ba ta cika samun barci ba. A Fabrairun 1994 rikicin da ya faro daga cinikin zabo a wata kasuwa kusa da Bimbila ya zama yaƙi tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagwamba da Gwanja. Dubban mutane suka mutu, ƙauyuka suka ƙone, majami'un Yandi da Salaga suka rasa mambobinsu na ƙauye waɗanda shiga gari ya gagare su, har aka ƙulla yarjejeniyar Kumasi a 1996. A Maris 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu, Yandi ta shiga dokar ta-ɓaci, kujerar ba ta samu sabon mai ita ba sai Janairun 2019. A Bawku rigimar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wadda ta samo tushe tun ƙarshen shekarun 1950, ta sake tashi a 2021, dokar hana fita ta dawo, ma'aikata da 'yan kasuwa da dama suka bar garin.

Dokar hana fita ta 1982 ta kora makaɗa cikin coci. Ta Bawku kuwa akasin haka ta yi: ta soke addu'ar kwana, ta gajarta gwajin Asabar, ta sa mai kibod ya yi lissafin unguwar da zai ratsa kafin ya fito. Duk da haka ana ci gaba da koyo, yanzu ta YouTube da WhatsApp, kuma ƙananan ɗakunan naɗar sauti a Tamale da Bolgatanga sun sa ƙungiyar da ta tara 'yan kuɗi za ta iya fitar da waƙarta da Kusaal ko Likpakpaln ko Dagbani ko Hausa. Muhawarar da ta rage a tsakaninsu ta koma kan rabo: nawa za a ɗauko daga Sidni da Legas da Jos, nawa za a tono daga bakin tsofaffin matan ƙauye tun suna raye. Matasan da ke riƙe da makirufo ne za su yanke wannan, domin tun shekarun 1980 dattawa suka sakar musu zaɓen waƙar Lahadi, kuma ba su sake karɓa ba.